Linux Mint a shagonmu na Yelwa: na huta da baƙin allo

Tun da Microsoft suka daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro a watan Oktoba 2025 nake ta tunanin yadda zan yi da tsofaffin kwamfutoci huɗu na shago, don babu ko ɗaya da za ta ɗauki Windows 11, ba su da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke nema. Wani ɗalibin jami'ar ATBU ta Bauchi da ke zuwa buga furojet ne ya ce in gwada Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, na ce kai rabu da ni, ni da na taɓa ganin Linux sai baƙin allo kawai ana ta rubuta sudo kaza sudo kaza kamar mai karanta laya.

Ashe abin ba haka yake ba. Mint 22 na sa, na Xfce, wato samfurinsa marar nauyi, saboda injinan sun kwana biyu, kuma za su ci gaba da samun gyara har 2029. Abin da ya fi burge ni, kusan duk aikin da a da sai an buga umarni yanzu danna mawus ne. Wata 'yar garkuwa ce a ƙasan allo, in ta nuna akwai sabon abu sai ka danna, ka sa faswod, shikenan. Na buɗe wa kwastomomi akawun na daban wanda ba ya iya sa komai ko cire komai, nawa ne kaɗai ke da iko, to yanzu masu zuwa su loda gem a ɓoye sun ga ta kansu. Firinta kuwa ina jona waya ta gane ta.

Amma Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin kwamfuta don a maido da shi in ya lalace, shi ne gwarzon. Ran wata Laraba ana tsakiyar ofdet aka ɗauke wuta, batirin UPS kuma ya mutu tun bara ban canza ba, laifina ne. Da aka tada janareto kwamfutar ta ƙi hawa, ƙanena da ke tsaron shago ya kira ni hankali a tashe, wai Yaya ta lalace fa, ga mutum uku na jiran takardunsu. Ina Wunti lokacin, ta waya na ce ya soka filashin da muka sa Mint da shi, ya buɗe Timeshift, ya zaɓi ajiyar jiya ya danna maidowa. Kafin keke Napep ya sauke ni har sun fara bugawa. Yaron nan fa ko SS3 bai gama ba.

Sai dai a kula, Timeshift tsarin kwamfutar yake adanawa, ba ya ɗaukar fayilolinka sai in kai ka saita shi haka, kuma yana cin wuri a hadi dis in ka bar ajiya da yawa. Sannan babu CorelDRAW na Linux, shi ya sa na bar kwamfuta ɗaya da Windows don katin biki da kalanda, na cire ta daga intanet. LibreOffice na buɗe fayilolin Word, amma ku duba shafi kafin bugawa. Saukar da Mint ɗin kansa ya kusa cin giga 3 na data, da daddare na yi shi lokacin garaɓasa.