Gargaɗi ga masu karafan a Jidda: riyal 10,500 na biya, tsofaffin batiran dalma aka liƙa wa sitikar litiyom

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ce take hana ni. Jiya da daddare wani ɗan'uwa ya kira ni daga Makka ya ce mutumin da ya damfare ni ya fara tallar haɗa sola a wani guruf ɗin, shi ya sa na ce yau ko me za a ce da ni sai na faɗa.

Riyal 10,500. Kuma ba kuɗina ba ne, kuɗin mai gidana ne, dattijon da nake wa tuƙi shekara 16. Albashina 1,800, ku yi lissafin da kanku.

Mai gidan yana da karafan, irin motar nan mai ɗaki da gado da firji da wurin girki a ciki, da ita iyali suke fita sahara lokacin sanyi, abin da suke kira kashta. Batiran ɗakin sun tsufa, kafin tsakar dare fitila ta fara lumshewa. Ya ce in nemi wanda zai gyara. Ni da bakina na ce, "Baba, ina da mutum, ɗan ƙasarmu ne." Ni na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

A guruf ɗin WhatsApp na 'yan gida na fara ganin sa, kullum yana ɗora bidiyon aiki, ana ce masa Injiniya. Da na kira shi muka gaisa, ya tambaye ni unguwarmu a Kano, na ce Kurna. Ya fara lissafo mini layuka, ya ce a Ƙofar Ruwa ya fara koyon sana'a. Ranar da muka haɗu sahu ɗaya muka yi la'asar. To a ina zan fara zargi?

Wurin da ya kai ni wani hoshi ne, wato fili mai katanga, a kudancin Jidda, wajen Kilo 14, ba shago mai allo ba. Na lura da wannan, kada wani ya ce ban lura ba. Na tambaye shi, ya ce shagonsa na sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, ana gyara shi, nan sito ne. Batira biyu suna ajiye a kan katako, shuɗaye, suna sheƙi, an rubuta LiFePO4, wato litiyom, da 200Ah da manyan baƙaƙe. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya Alhaji, ɗaga ka ji." Na sunkuya na kama hannun ɗaya, ya ƙi tashi. Sai ya kama ɗaya gefen muka ɗaga tare, ya kalle ni ya ce, "Ka ji ko? Na jabu ba ya nauyi haka."

Ɗaga ka ji. Wallahi ko a salla maganar nan sai ta faɗo mini.

Kuma ina so a fahimce ni. Shekara 23 ina riƙe da sitiyari. Duk direban da ya san aikinsa ya san batir mai nauyi ya fi, domin dalma ce a ciki, idan masu haɗawa suka rage dalma sai ya yi sakayau ya mutu da wuri. Wannan ilimin gaskiya ne, da shi na yi shekaru ina zaɓar wa mai gida batirin mota ban taɓa kunyata ba. Abin da ban sani ba shi ne a litiyom maganar juyewa take yi. Litiyom mai 200Ah kilo 20 zuwa 25 ne, mutum ɗaya zai ɗauke shi. Na dalma mai wannan girman shi ne yake kai kilo 60. Mutumin nan ya san abin da direba ya sani, da shi ya kama ni. Nauyin da ya isa ya tona masa asiri shi ya miƙo mini a matsayin shaida, ni kuma na ce Masha Allah.

Ya ɗora mita a gabana ta nuna bolt 13.4, ya ce ga lambar litiyom nan, na dalma ba ya wuce 12.7. Shi ma wannan da gaskiya a ciki, idan batir ya huta. Sai daga baya na tuna akwai caja a ƙasa kusa da katakon, wayarta a warware. Batirin dalma da aka cire daga caji yanzu-yanzu zai nuna sama da 13 na ɗan lokaci kafin ya sauka. Na ga cajar da idona, ban haɗa ba.

Lissafin da ya rubuta mini da biro: batira biyu 5,600, cajar DC-DC mai ɗaukar wuta daga altaneta 1,200, kwanturolar sola MPPT 900, inbata mai wat 2,000 a 1,300, wayoyi da kuɗin aiki 800. Jimla 9,800. Na ba shi 6,000 a hannu, 3,800 na tura wani asusu da ba sunansa ba, ya ce na kafilinsa ne. Na nemi fatura, wato rasit, ya ce idan ya buga ta hukuma harajin kashi 15 zai hau kai, me ya sa za mu ɗora wa Baba kusan 1,500 a banza. Na yarda. Ina ganin ina rage wa dattijon nan kashe kuɗi ne. Takardar hannu ya ba ni, "garanti shekara biyar", da sa hannu kamar tafiyar tsutsa.

Daren da abin ya faru muna wajen Usfan, jikokin Baba huɗu suna kwance a ciki. A'a, na haɗa biyu. Akwai fitar farko a Disamba, ita ce ta riyal 700. A wannan fitar, wajen ƙarfe 11 na dare inbata ta fara ƙara, firji ya ɗauke. Batira biyu masu 200Ah na litiyom ya kamata su riƙe wuta kusan kilowat-awa 5, ƙaramin firji da fitilu ba za su cinye wannan a dare ɗaya ba, balle awa huɗu. Na kira shi, ya ɗauka nan take, yana ta ba ni haƙuri, ya ce BMS ɗin ne, wato kwamfutar cikin batir, sai an yi mata saiti da wata na'ura da zai haya. Riyal 700. Na tura daga aljihuna don kada Baba ya ji, daga baya Baba ya ji ya mayar mini. Ya zo ya yi minti 20 a ƙarƙashin gado da wayarsa a hannu ya ce an gama. Babu BMS a cikin batirin dalma. Babu abin da ya saita. 9,800 da 700, 10,500.

Ta biyu a Janairu ce. Bayan isha surukar Baba ta jona butar shayi ta lantarki. Ina waje wajen wuta sai na ji warin roba. Na shiga da gudu, hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin gadon da ƙaramar yarinyar take kwance. Na cicciɓe ta na miƙa wa uwarta, na ɗage katifa, robar wayar da ta tashi daga batir zuwa inbata tana narkewa tana ɗiga. Da sifana na kwance kan batir, har yanzu ga tabon a babban yatsana. Da gari ya waye motar ma ta ƙi tashi, batirin injin ya zube. Sai da wasu samari masu Land Cruiser suka ba mu wuta.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijon mai gyaran wutar mota ne a sana'iyya, Bahaushen Sudan, ɗan Maiwurno. Bai ma ɗora mita ba. Ya gwada jan batir ɗaya, ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka wannan litiyom ne?" Ya sa farce a kusurwar sitika ya ɓare. A ƙasa ga tsohuwar takarda, batirin dalma irin busasshe da ake sa wa UPS, an fesa masa shuɗin fenti. Muka ɗora a sikeli, ɗaya kilo 58, ɗaya 61. Ya kankare wayar da wuƙa, jan ya tafi fari ya fito, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kaurinta sikwaya milimita 16. Ya ce buta mai wat 1,500 a kan bolt 12 tana jan ampiya kusan 140, inbatar nan kuwa idan ta cika aiki ta wuce 170, waya mai 50 ko 70 ta jan ƙarfe zalla take so, da fis dab da kan batir. Ko fis ɗaya babu a layin. Ko ɗaya. A ƙarƙashin gadon yara.

Akwatin da na biya wa 1,200 ya kwance shi a gabana. Ƙaramin rile ne a ciki, shi ma an tsallake shi da guntun waya, wato batirin injin da na ɗaki a haɗe suke dare da rana, shi ya sa ɗaki ya shanye na injin. Kwanturolar sola kuma ya ce in ɗauka in ji, kamar kwalin ashana, babu naɗaɗɗiyar wayar da ake samu a cikin MPPT na gaske, PWM ce mai arha aka sauya wa suna. Inbatar kaɗai ce ya ce ba laifi.

Na kira Injiniya a nan gaban dattijon. Ya ce yana Ɗa'if, gobe zai zo, "Yaya kada ka ɗaga hankalinka, amana ce tsakaninmu." Boyis ɗin yana nan a wayata. Washegari hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, lambar a kashe, ya fice daga guruf. Na je hoshin, mai gadi ya ce wata biyu kawai ya kama, ya kwashe. Na kira 1900 na Ma'aikatar Kasuwanci, suka tambaye ni sunan shago da fatura, tambayar da ta dace, ni ne ba ni da ko ɗaya. Na kai ƙara da takardar tura kuɗin nan ta 3,800 da ta 700, ita kaɗai ce igiyar da ta rage a hannuna. 6,000 ɗin hannu kuwa babu shaida sai Allah.

Abin da ya fi cin raina Baba bai yi faɗa ba. Da na gama bayani ya yi shiru, ya ce alhamdulillahi da yara suka tsira, in manta da kuɗin. Da ma zagi na ya yi. Na roƙe shi ya riƙa cire 500 duk wata, wata 21 ke nan, ya ƙi, ni kuma na rantse. Matata a Kano ban gaya mata dalilin da kuɗin wannan watan ya ragu ba.

Wasu a guruf har sun fara cewa ai kwaɗayin arha ne. Ba arha ya yi mini ba, 2,800 kowane batir na biya. Wasu sun ce me ya sa ban kai sana'iyya tun farko ba. Saboda na ce gara ɗan gida ya ci kuɗin. Wannan ne laifin nawa? Mutum ya ambaci layin gidanku, ya tsaya kusa da kai a sahu, ya kama hannun batir ya taya ka ɗagawa yana kallon idonka. Ɗaga ka ji, Yaya Alhaji.

Mai shirin saye: ka ɗora batir a sikeli, ka ƙi biya sai da fatura mai QR da sunan shago, kada ka tura kuɗi asusun wani, ka ga fis da idonka kafin yaro ya kwana a motar.

Yau bayan isha zan ɗora hotunan hirarmu, da takardar garantin, da bidiyon ɓare sitikar, da wayar da ta narke. Sunansa da lambarsa ba zan sa a fili ba tunda magana tana hannun hukuma, amma duk wanda aka yi wa irin wannan a Jidda ko Makka ya yi mini magana ta ciki, a haɗa ƙara wuri ɗaya. Batiran biyu suna nan bayan ɗakina, masu sayen tsohon ƙarfe sun taya na hana, sai an gama shari'a.