Garin makrogol ya buɗe min ciki, amma ya kunyata ni a hanyar Zariya

Shekara biyu ke nan da aka yi min aiki, aka yanke wani ɓangare na babban hanjina da ya murɗe. Na ɗauka da an ɗinke shi ke nan, ashe taurin bayan gida na jirana. Kwana huɗu, wani sa'in biyar, ciki ya yi tam kamar ganga. Filasko na sha har ya koma murɗa kawai yake sa ni. Laktulos kuwa, wato maganin ruwa na taurin bayan gida, ga zaƙi, amma iskar da yake tarawa ko a sahun salla ba ta barin mutum.

Da na koma asibiti likita ya rubuta min makrogol, wani garin magani da ake zuba leda ɗaya a ruwa mililita 125, wajen rabin kofi. Ya ce shi ruwa yake riƙewa cikin hanji don bayan gida ya yi laushi, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Yaron kemis kuma ya rantse min cewa dare ɗaya ya ishe shi. Maganar yaron na ɗauka.

Na sha, gari ya waye shiru. Haushi ya sa da dare na zuba leda uku a jere, ga ɗaurin aure a Zariya washegari. Jama'a, ko Kwanar Ɗangora ba mu kai ba cikina ya fara kiran sunana. Sau uku ina tsayar da mota. A na ukun direba ya ce, "Baba, ko dai mu bar ka a nan ne?" Wata baiwar Allah ce ta miƙo min butarta ta taga, ba ta ko kalle ni ba, Allah ya saka mata. Ɗaurin auren dai a waya na ji an shafa fatiha.

Laifina ne, na yarda. Tun da na koma leda ɗaya kullum, da miyar kuɓewa da gwanda da ɗan tattaki bayan la'asar, ba na wuce kwana biyu, kuma babu nishi.

Sai dai fa ɗanɗanon gishiri-gishirin nan har yau ban saba da shi ba, sai na sanyaya ruwan tukuna. Kuɗin kuma kun san yadda yake, kowane zuwa da sabon farashi. Watan jiya na zaga kemis huɗu babu, kwana uku kacal da yankewa ciki ya koma gidan jiya. Yaron nan kuwa har yanzu in ya gan ni sai ya ce, "Baba, ai na gaya maka yana aiki."