Tabarau na VR ko majigi? Amsa ga Malama daga Aboabo

Malama, kin ce makarantarku ta samu gudummawa, kuna shawara tsakanin tabarau na VR (wanda in an sa, mutum zai ji kamar yana cikin hoton da yake kallo) da majigi haɗe da kwamfuta, ga aji mai yara sama da 40. Ni dai majigi zan fara saya, amma bari mu ba kowanne haƙƙinsa.

Inda tabarau ya yi zarra shi ne darasin da ke buƙatar yaro ya ji girma da zurfin abu. Ki yi ta bayanin ɗawafi a allo. Wanda ya sa tabarau, ya waiga ya ga Ka'aba a hagunsa, ya gane nan take. Haka cikin zuciyar ɗan Adam, ko kurkukun bayi irin na Cape Coast, idan an samu bidiyon da aka ɗauka ta kowace kusurwa. Kuma batirinsa na kai kamar awa 2, ko an yi dumsor, wato an ɗauke wuta, darasi bai tsaya ba. Majigi kuwa wuta na ɗaukewa ya mutu.

Sai dai tabarau na mutum ɗaya ne. Meta Quest 3S ya fito a 2024 a kan dala 299, kafin kuɗin dako da na kwastan. Kika sayi biyu, sauran yara na zaune suna jiran layi har lokacin darasi ya ƙare. Mai sanye da shi ba ya iya rubutu, ba ya ganin fuskarki, wasu kuma jiri da tashin zuciya ke kama su. Kamfanin ma bai yarda ɗan ƙasa da shekara 10 ya sa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ido: abu ɗaya yana yawo daga fuska zuwa fuska cikin gumin Kumasi, idan Apolo ya shigo ajin, sai an goge shi sosai bayan kowane yaro.

Majigi yana tara kowa kan hoto ɗaya, kina tsayarwa kina tambaya, suna rubutawa, kuma rubutun ne za su yi ranar BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Gwaje-gwajen kimiyya na PhET, daga Jami'ar Colorado ta Amurka, kyauta ne, ana sauke su a yi aiki babu intanet.

Akwai kuma maganar dogaro. Google ya rufe Expeditions, shirinsa na yawon ilimi ga makarantu, a 2021, malamai da dama suka rasa darussan da suka saba da su.

Idan kuɗi ya ragu, ki nemi tabarau mai araha da ake zura waya a ciki. Amma ki gwada wayar a shagon Adum kafin ki biya, don ƙananan wayoyi da yawa ba su da na'urar da ke bin juyin kai, hoton ba zai motsa ba ko yaro ya waiga.