Buhu ko kwano? Sati uku da MCP Inspector

Kawuna dillalin hatsi ne a Dawanau, kuma ya gaji da kiran tsakar dare na "nawa ake buhun masara yau?" Sai na ɗauki nauyin haɗa masa ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira da zai riƙa amsa wa masu saye. Na rubuta 'yar ƙaramar saba, wato manhajar da ke riƙe da ayyukan da ɗan aiken zai riƙa kira, da harshen kwamfuta na Python a kan tsarin MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 don irin waɗannan 'yan aike su sami hanya guda ta kiran kayan aiki. Kayan aikin sabata huɗu ne kacal: duba farashi, duba abin da ya rage a sito, ajiye oda, soke oda.

Ranar gwaji aka tambayi kuɗin dawa kwano 20, ɗan aiken ya lissafo buhu 20. Allah ya rufa asiri kawu ne ke gwadawa da ɗaya wayarsa. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, wannan yaron naka ya taɓa taka kasuwa kuwa?"

Wannan kunyar ce ta kai ni ga MCP Inspector, manhajar da ake gwada sabar MCP da ita. Kyauta ne, sai 'yar datar saukewa. In kana da Node.js, manhajar da Inspector ke gudana a kanta, ka rubuta npx @modelcontextprotocol/inspector tare da umarnin tada sabarka, shafi ya buɗe a burauza a kan lamba 6274 ta kwamfutarka. Ka haɗa, ka danna List Tools ya jero maka kayan aikin sabarka, shi ke nan.

Abin da na gani ya sa na yi shiru. Sunan aikin duba_farashi. Bayaninsa: "Yana dawo da farashi." Gurbi ɗaya mai suna adadi, lamba. Iyakarsa ke nan. Can cikin lambobin manhajar na rubuta wa kaina tunatarwa cewa adadi buhu ake nufi, amma ɗan aiken ba ya leƙa can. Suna, bayani da fasalin guraben da zai cike, su kaɗai ake miƙa masa. Tamkar ka aiki baƙon yaro kasuwa da guntuwar takarda mai kalma uku, ya dawo da shirme ka hau shi da faɗa. Inspector ya ɗora ni a mazaunin yaron, kuma don wannan kaɗai ya cancanci a sauke shi.

Na sake rubutawa: "Yana ba da farashin hatsi na yau da naira. Dole a faɗi ma'auni, buhu ko kwano. In mai saye ya ce tiya ko mudu, ko bai faɗi komai ba, a tambaye shi, kada a yi zato. Wannan aikin ba ya ajiye oda." Maganar tiya ta shigo ne saboda abokan cinikin kawu na Maraɗi, ma'aunin wani gari ba lalle ya zo daidai da na wani ba.

Sashen da ke nuna saƙonnin da suka kai suka komo ma ya yi mini rana. A nan na ga cewa in aka nemi hatsin da babu, sabata "kuskure 2" kawai take cewa. Me ɗan aike zai yi da kuskure 2? Yanzu tana faɗin babu wannan, ga jerin waɗanda ke akwai.

Inda Inspector ya tsaya fa, babu wata basira a cikinsa da ke karanta bayanin. Kai ne kake zaɓar aiki, kai kake cike gurbi, kuma hannunka ya riga ya san abin da kake nufi. Shi ya sa duba farashi da duba sito suka wuce gwaji lami lafiya alhali bayanansu kamar Hassan da Hussaini suke. Ba laifinsa ba ne, ba a ƙera shi don alƙalanci ba. Dabarar da na yi: na kwafe bayanan huɗu a takarda, na ba sabon yaron shagon kawu da saƙonni goma na masu saye, na ce ya nuna wanne zai ɗauka a kowanne. Sau uku ya rikita biyun nan, a kan tambaya irin "akwai gero, nawa?", wadda a gaskiya tana bukatar duka biyu. Na rubuta hakan ɓaro-ɓaro a bayanan, sannan na maimaita saƙonnin goma da ɗan aiken kansa.

Duk mai rubuta sabar MCP ya buɗe Inspector kafin ya haɗa ta da kowane ɗan aike, ina ba da shawarar haka ba tare da shakka ba. Soke oda kuwa na cire shi gaba ɗaya. Kawu ya ce wannan shi zai riƙa yi da hannunsa, bayan sallar asuba, da littafinsa a gaba.