Garejin da ya ɗaure mini inji bayan babur na hannu ya buga

Kwana 19 kacal na yi da babur ɗin. Na hannu ne, mai inji 125cc, silinda ɗaya, kuma ranar da na je dubawa kik ɗaya ya tashi, babu ƙara, babu hayaƙi. Sai daga baya na tuna cewa da zafinsa na tarar da injin, alhali mai shi ya ce tun safe yake ajiye. Ina hanyar dawowa daga aiki ne ya fara wani ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, ƙarar tana ƙaruwa duk sanda na murɗa totur. Kafin in samu wurin tsayawa ya shaƙe ya mutu, kik ma ya ƙi sauka. Turo shi na yi har gida, raina a ɓace matuƙa, don kuɗin da na daɗe ina tarawa ne.

Makanikai biyu na fara kai wa. Na farko ko sifana bai ɗauka ba, ya ce in nemo wani injin na hannu a ɗora. Na biyu ya ce fistan da ringi ne kawai, gobe in zo in ɗauka. Garejin da nake magana a kansa shi ne na uku, wani abokin aikina ne ya kwatanta mini shi.

Abin da maigidan ya fara yi shi ne ya kwance notin ƙasa ya juye baƙin man a wani faranti mai tsabta. Injin da ya kamata ya ɗauki kusan lita ɗaya, abin da ya fito bai kai rabi ba, ga kauri kamar kwalta. Ya ɗauko maganaɗisu ya zagaya da shi a cikin man, ya ɗago ya miƙo mini. "Malam, taɓa ka ji." Garin ƙarfe ne ya lulluɓe shi, ina murzawa ina jin kaushinsa a yatsa. Ya ce ba zai yanka mini kuɗi ba sai ya buɗe, kuma ladan buɗewar daban yake, ko na gyara a wurinsa ko na kwashe kayana. Wannan maganar ce ta sa na zauna.

A gabana ya kwance injin, yana jera kayan a kan kwali bi da bi yadda ya ciro su. Fistan ya yi zane-zane, jikin silinda ma haka. Ya kama kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan, ya ɗaga sama ya sauke ƙasa, sai ga shi yana wasa ƙaras-ƙaras, abin da bai kamata ya motsa ta wannan fuskar ba ko kaɗan. Boris ɗin da ke gindinsa, wanda kwanrod ke juyawa a kansa, ya yi shuɗi saboda zafi. Da na biye wa makanike na biyu, da na sa sabon fistan a kan mataccen kwanrod, in sake zubar da kuɗi cikin 'yan kwanaki.

Amma inda ya burge ni shi ne bai tsaya a kan abin da ya lalace ba, sai da ya gano abin da ya lalata shi. Akwai wata 'yar raga da mai yake bi ta cikinta kafin ya isa famfon da ke tura shi cikin inji. Da ya zaro ta, a toshe take da zare-zaren jan gam. Ya bayyana mini cewa an taɓa buɗe injin, aka ƙi sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ake sawa a mahaɗin inji don kada mai ya zuba, aka lafta gam. Da aka ɗaure noti, rarar ta matso ciki, ta ɓanɓare ta bi mai ta taru a ragar. Famfo ya daina samun isasshen mai, boris ya yi ta ci a bushe. Man nan mai kauri kuwa rage ƙara yake yi, haka ma ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Na tambaye shi ko wanda ya sayar mini ya sani. Ya ce, "Wallahi Malam, ban ga zuciyarsa ba, abin da na gani a faranti kawai zan faɗa maka." Na ji daɗin wannan amsar, duk da ba ita nake son ji ba a lokacin.

Aikin ya ci kusan rabin abin da na sayi babur ɗin. An buɗe kiranshaf, wato ƙarfen da kwanrod ke juyawa, da injin matsi aka sa sabon kwanrod da boris aka daidaita shi. An faɗaɗa ramin silinda da milimita 0.50, don zanen ya wuce abin da 0.25 zai share, aka sa fistan da ringi daidai da shi. Sai famfon mai, sarƙar taimin, gasket da sil gaba ɗaya. Tare muka je sayen kayan, bai ce lallai sai a wajen wani mutuminsa ba.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Kwana 5 ya ce, sai da aka yi 12. Wani ɓangare na jinkirin daga masu aikin silinda ne, na yarda, amma rashin ɗaga waya daga gare shi ne, kuma wanda babur ne ƙafarsa ta zuwa aiki yana buƙatar ko saƙo ɗaya ne. Sau biyu ina zuwa in tarar ba a taɓa komai ba. Yaransa sun karce mini murfin gefe, babu wanda ya faɗa sai da na gani da idona. Takardar lissafi ma sai da na matsa kafin aka rubuta, kuma alkawarin wata uku da ya yi a kan aikin hannunsa da baki ya tsaya.

Ranar ɗauka ya ba ni tsofaffin kayan a leda, ya ce kada in cika totur ko in ɗora kaya masu nauyi sai na yi kilomita 500, sannan in dawo. Da na dawo ya canza mai, ya wanke ragar, ya daidaita bawul, kuɗin mai kaɗai ya karɓa. Yanzu na haura kilomita 2,300. Duk safiya ina zaro sandar awon mai, yana nan inda yake, filogi kuma ruwan ƙasa-ƙasa, salansa babu shuɗin hayaƙi.

Ragar nan mai jan gam na kai wa wanda ya sayar mini. Ya juya ta a hannu ya ce shi ma haka ya saye shi, bai ƙara ko kalma ba, ban kuma samu komai daga wurinsa ba. Ƙanena yana neman nasa babur ɗin na hannu yanzu, kuma na riga na yi magana da maigidan garejin: zai bi mu da sassafe, inji yana sanyi, a juye mai a duba kafin a yi ciniki.