Balan-balan ko tauraron ɗan'adam: wanne ya fi iya auna ƙwayoyin sama?

Ɗan'uwa, ka tambaya wacce ta fi wajen auna ƙananan ƙwayoyin da ke can ƙololuwar sama, na'urar da ake ɗaura wa balan-balan ko ta tauraron ɗan'adam. Ba ƙurar hunturu ake nufi ba, ita ba ta yin nisa haka. Waɗannan suna wajen kilomita 20 daga ƙasa, yawancinsu ɗigon asid ne na farar wuta. Kowanne bai kai maikiron 1 ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashi ya kai wajen 70.

Ta balan-balan cikinsu take shiga. Ɗan famfo ne ke zuƙo iska ya bi da ita ta gaban haske. Duk ƙwayar da ta gifta sai ta yi ƙyalli, na'urar ta ƙirga ta, ƙarfin ƙyallin kuma ya nuna girmanta. Haka za ta yi ta yi har wajen kilomita 30, balan-balan ya fashe, ta sauko da lema. Tun 1971 masana a Jami'ar Wyoming ta Amurka suka fara wannan aiki daga garin Laramie. Illar wannan na'ura dai, saman garin da aka sake ta kaɗai take gani, shi ma na wannan ranar.

Ta tauraro kuwa, irin SAGE II ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ta yi aiki daga 1984 zuwa 2005, hange take yi. Tana duban rana ta cikin iskar da ta lulluɓe duniya lokacin fitowa da faɗuwa, ta auna yadda haskenta ya dusashe. Tana karaɗe kusan duniya duka, amma ba ta ƙirga ko ƙwaya ɗaya. Girma da yawa sai an fitar da su ta lissafi.

Bambancin ya fito fili a 1991, da dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta, hayaƙinsa ya zama hazon irin waɗannan ƙwayoyi, ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri. Tauraro ne ya nuna yadda hazon ya zagaye duniya. Amma a wasu wurare kaurinsa ya hana SAGE II ganin rana sam, yayin da ta balan-balan ke ratsa shi tana ƙirga.

A ganina, in girman ƙwaya da yawanta kake nema, balan-balan ya fi, shi ya sa ake gwada sakamakon tauraro da nasa. In kuwa inda hazon ya dosa kake son sani, sai tauraro.