Naɗar Funk-Rock: Ɗakinka ko Situdiyo?

Matasan Samaru sun sha tambayata: mawaƙin da ke haɗa kundin funk-rock (kiɗan da ya haɗa salon funk da na rock) shi kaɗai, a gida zai naɗa ko a situdiyo?

A gida, sau ɗaya za ka kashe kuɗi: kwamfuta, makirfo, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Daga nan lokaci naka ne, ko sau ashirin ka maimaita jita babu mai hararar ka. Amma makirfo zai kwashi ƙarar janareta da ta Keke Napep, abin da ke ci min rai ke nan.

Situdiyo kuwa kowane zama da kuɗinsa. Sai dai ƙashin bayan funk ganguna ne da jitar bes, ganguna kuma suna son makirfo da yawa da ɗaki mai shanye amo, waɗanda a situdiyo ake samunsu.

Mai haɗa gangunansa a kwamfuta, gida ya ishe shi. Mai buga su da hannunsa, ya tanadi kuɗin situdiyo.